Marigayi Ali Farka Ture, Manomi Kuma Makaɗin Bakin Kwara

  A wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace in kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda bai yi makarantar boko ba, ba kuma ɗan ƙasarmu ba ne, amma duk wanda ya tashi a bakin kogin Haɗejiya, idan ya ji labarinsa zai ce ai wannan na gida ne. Wannan mutum kuwa shi ne Ali Ibrahim Ture, wanda duniya ta fi sani da Ali Farka Ture, mutumin Niyafunke ta ƙasar Mali, wanda ya rasu a shekarar 2006.

Turawa sun laƙaba masa sarautar kiɗan buluz na Afirka, wato kiɗan nan na baƙar fatar Amurka. Shi kuwa bai taɓa murna da wannan laƙabi ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa yana ɗaukar kansa manomi, kiɗa kuma abu ne da yake yi idan aikin gona ya lafa. Ni da na ƙare rayuwar aikina tsakanin manoman fadama da injunan ban ruwa, wannan hali nasa ne ya fara jan hankalina, tun kafin in san daɗin kiɗan nasa.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

Waɗanda ba su yi barci a darasin labarin ƙasa ba za su tuna da taswirar kogin Kwara da malaminmu yakan zana mana a allo: ya taso daga tsaunukan ƙasar Gini, ya nausa arewa maso gabas kamar zai shige cikin Sahara, ya je kusa da Tambutu ya lanƙwaso, sannan ya gangaro ta Gao da Yamai da Yawuri da Jebba har Lakwaja. Kafin ya kai Tambutu akwai wata makekiyar fadama inda ruwan yake bazuwa kowace shekara, ya cika tafkuna da gulabe, sannan ya janye ya bar wa mutane danshi. Masunta su kama kifi, manoma su shuka shinkafa, Fulani su sauko da shanu cin burugu. In ka cire girma, ba ta da maraba da tamu fadamar da ta tashi daga Haɗejiya ta bi ta Kirikasamma da Guri har Nguru.

A gefen wannan kogi ne aka haifi Ali a shekarar 1939, a wani ƙauye da ake kira Kanau, cikin yankin Gurma Rarus na jihar Tambutu. Shi ne ɗa namiji na goma a wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ya rayu a cikinsu, wato ɗan wabi ne. Kamar yadda mu a nan mukan sa wa irin wannan yaro Ajuji ko Ayashe ko Barmani, haka su ma sukan sa masa sunan da zai nuna kamar ba a damu da shi ba. Shi ne aka laƙaba masa Farka, wanda a harshensu na Songai, ɗan'uwan Zabarmanci, yake nufin jaki, dabbar da aka sani da juriya da taurin kai. Na yi wannan bayani ne musamman domin shaƙiyyan ajinmu, kada su ji Farka su kai hankalinsu wani wurin.

Yana ƙarami ƙwarai mahaifinsa ya rasu a aikin sojan Faransa, sai iyalin suka ƙaura zuwa Niyafunke, garin da ya zama nasa har ƙarshen rayuwarsa. Ya taso cikin noma, ya kuma koyi ɗinki. Da ya girma ya yi tuƙin mota, ya yi tuƙin jirgin ruwa a kogi, ya kuma iya gyaran inji.

Gidansu ba gidan roƙo ba ne. Zuriyarsu ta Arma ce, wato jikokin sojojin nan da Sarkin Maroko ya aiko suka karya daular Songai a 1591, suka zauna suka yi aure a ƙasar. A al'adarsu kiɗa gado ne na wasu gidaje, ɗan babban gida ba ya taɓa shi, kamar dai yadda abin yake a ƙasar Hausa, inda muka san irin tirjiyar da Mamman Shata ya sha daga mahaifinsa. Duk da haka, wajen shekarar 1950 yaron nan ya harhaɗa wa kansa wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da suke kira jarkel, ɗan'uwan kuntigi, daga baya kuma ya kama njarka, wadda ita ce kukumarsu. A ƙasarsu da waɗannan kayan ake kiɗan iskokin ruwa, kwatankwacin yadda garaya da goge suke a wajen 'yan bori. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa yana ɗan shekara 13 ya gamu da wata lalura da aka danganta da iskoki, har aka kai shi yankin Hombori ya yi kusan shekara guda ana yi masa magani, kuma bayan dawowarsa ne hannunsa ya buɗe a kan tsirkiya.

DAGA TSIRKIYA ƊAYA ZUWA JITA

A 1956 ya ga Keita Fodeba, mutumin Gini, yana kaɗa jita, abin ya shiga ransa. Ba shi da kuɗin saye, sai dai aro. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko yadda yake taɓa jarkel ya ɗora a kan jita: babban yatsa yana riƙe da gindin kiɗa, ɗan ali kuma yana yin magana a sama. Wannan ne ya sa jitarsa ba ta yi kama da ta kowa ba. Duk wanda ya san kiɗan molo ko gurmi, idan ya saurara da kyau zai ji su a ciki.

Da Mali ta sami mulkin kai a 1960, gwamnatin Modibo Keita ta sa kowace gunduma ta kafa ƙungiyar makaɗa da mawaƙa, ana haɗuwa ana gasa. Ali yana cikin shugabannin ƙungiyar Niyafunke. A nan ya tara waƙoƙi cikin harsuna da dama, domin garinsu mahaɗa ce: Songai da Fulatanci da Buzanci da harshen Bambara. A 1968 aka tura shi cikin wakilan ƙasarsa zuwa wani taro na duniya a birnin Sofiya na ƙasar Bulgeriya, kuma a can ne ya sayi jitarsa ta farko, yana da shekara 28.

A wannan shekara ce kuma wani abokinsa ɗalibi a Bamako ya sa masa fayafayan baƙar fatar Amurka, irin su James Brown da Otis Redding da John Lee Hooker. Na ƙarshen nan ne ya tsayar da shi. Ya ji mutum yana waƙa da Turanci, amma tafiyar kiɗan irin ta Buzayen ƙasarsu ce. Tun daga ran nan ya ƙudurce a ransa cewa tushen wannan kiɗa yana bakin Kwara, abin da ke Amurka kuwa reshe ne.

MENE NE BULUZ, KUMA INA RUWANMU DA SHI?

A nan sai in ɗan dakata in yi bayani, domin da yawa daga cikinmu da muka ji kalmar buluz a zamanin makaranta, mun ɗauka duk wani kiɗan Turawa mai sanyi da ake sawa a ƙarshen biki ne. To asalinsa daban ne.

Cikin mutum sama da miliyan 12 da aka kwasa daga Afirka zuwa ƙetaren teku a zamanin cinikin bayi, waɗanda aka sauke kai tsaye a ƙasar da ta zama Amurka ba su kai dubu 400 ba, amma a cikinsu akwai kaso mai yawa daga yankin Sanigal da Gambiya da ƙasashen da ke bayansu. Bayan wani tawaye da bayi suka yi a 1739, sai aka yi doka a Karolina ta Kudu a 1740 wadda ta hana su riƙe ganga, don tsoron kada su riƙa kiran juna da ita. Kayan tsirkiya kuwa ba a hana su ba. Saboda haka masu hannun goge da molo suka sami sarari, har aka sami banjo, wanda a farkonsa ƙwarya ce da aka rufe da fata aka sa mata sanda da tsirkiya. Ku dubi gurmi ku gaya mini bambancin.

An soke bauta a 1865, amma wahala ba ta ƙare ba. A fadamar kogin Misisipi, inda ake noman auduga, ƙasa ta Bature ce, baƙar fata ya noma a raba amfanin, bashin da ya ci da damina kuma ya cinye rabonsa. Cikin wannan hali ne, wajen ƙarshen ƙarni na 19, aka sami wani irin waƙa na mutum ɗaya da jitarsa, yana kukan talauci da bashi da rabuwa da masoyi da zaluncin mai gona. Yawanci yakan faɗi ɗango ɗaya, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya rufe, jita kuma tana amsa masa kamar 'yan amshi. Wani makaɗi mai ilmi, W. C. Handy, ya ba da labarin ya fara jin irinsa a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler wajen 1903. A 1920 Mamie Smith ta yi faifan da ya buɗe wa wannan kiɗa kasuwa. Da kogin Misisipi ya ɓalle jinga a 1927 ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, Charley Patton ya yi wa ambaliyar waƙa, aka ɗauke ta a faifai a 1929. Mu da muka ga abin da ruwa ya yi mana a 2012 da 2020 da 2022 ba ma bukatar tafinta kafin mu gane irin wannan kuka. Daga baya mutanen suka yi ta ƙaura zuwa birane, Muddy Waters ya tafi Shikago a 1943, John Lee Hooker kuma ya yi suna a Detroit a 1948, jita ta koma ta lantarki, kuma daga nan ne yawancin kiɗan zamani na Turawa ya samo tsatso.

Masana sun bi diddigin abin. Wani Baturen Ingila, Paul Oliver, ya fitar da littafi a 1970 inda ya nuna cewa a daina neman tushen buluz cikin manyan gangunan bakin teku, a neme shi a ƙasashen sarari na arewa, inda ake kiɗan tsirkiya. Gerhard Kubik, mutumin Ostiriya, ya ƙarfafa wannan a littafinsa na 1999, har ya gwama muryar wani mai goge Bahaushe da ya ɗauka a Kamaru a 1964 da ta Big Joe Williams na Misisipi. Abubuwan da suka lura da su sun haɗa da waƙar mutum ɗaya, da hawa biyar na sauti, da jan murya ana lanƙwasa ta a kan gaɓa ɗaya irin na ƙasashen da suka daɗe da Musulunci, da kuma tsayawa kan amo ɗaya ana zagaya shi.

Amma kada mu yi saurin cewa buluz namu ne na Hausawa. Yawancin Hausawan da aka ƙetarar da su Bahiya ta ƙasar Barazil aka kai su, inda suka yi tawaye a 1807 da shekarun da suka biyo baya. Abin da za mu iya cewa shi ne mu da mutanen Mali gidanmu ɗaya a harkar tsirkiya, kuma daga wannan gida aka ɗebi iri. Ƙasar da irin ya tsiro a kai kuwa ta Amurka ce, da wahalarta da cocinta da harshenta. A nawa ganin, marigayi Ali yana da gaskiya game da tushe, sai dai shi ma bayan 1968 kunnensa ya ɗauki wani abu daga Hooker, kuma ana jin haka a wasu waƙoƙinsa. Ba abin kunya ba ne ɗan'uwa ya ari rigar ɗan'uwansa.

FITARSA DUNIYA

A 1970 ya koma Bamako ya kama aiki a gidan rediyon Mali, yana kiɗa yana kuma kula da na'urorin ɗaukar murya. Daga nan ya riƙa aika waƙoƙinsa wani kamfani a Faris, faifansa na farko ya fito a 1976, wasu kuma suka biyo baya. Suna ya samu, kuɗi kuwa bai ga na kirki ba, abin da ya sa ya daɗe yana ɗari-ɗari da 'yan kasuwar kiɗa. A 1980 ya ajiye aiki ya koma Niyafunke ya kama fartanya.

Rabo ba ya wuce mai shi. Ɗaya daga cikin fayafayan nan na Faris ya faɗa hannun wani ma'aikacin BBC, Andy Kershaw, ya sa shi a shirinsa, masu sauraro suka yi ta tambaya. Sai wata mata mai suna Anne Hunt, ta wani ƙaramin kamfani a Landan da ake kira World Circuit, ta taso takanas zuwa Bamako nemansa. Da ba ta same shi ba aka yi cigiya a rediyo, aka kuwa yi sa'a yana cikin gari. A 1987 ya yi wasa a Ingila, kuma tun daga lokacin ya riƙe amana da wannan kamfani da shugabansa Nick Gold har ƙarshen rayuwarsa. Faifan The River ya fito a 1990, The Source a 1992. A 1994 aka fitar da Talking Timbuktu, wanda ya yi tare da Ba'amurken nan Ry Cooder a birnin Los Anjalis, ya kuma ci lambar Grammy a 1995, wadda ita ce babbar lambar makaɗa a Amurka.

Ni a wannan tsakani na fara jinsa, a wani kaset da wani abokin aikina ɗan Nijar ya ba ni. Ban ji ko kalma ɗaya ba a ciki, amma da na sa shi a gida sai wata gwaggona ta leƙo tana tambaya wane mai gurmi ne wannan da ba ta sani ba.

KOMAWARSA GONA

Ga inda halinsa ya bambanta da na sauran. A daidai lokacin da kowane gidan wasa na Turai da Amurka yake zawarcinsa, sai ya taƙaita tafiye-tafiye ya koma gida. Dalilinsa shi ne kiɗan nasa daga ƙasar yake fitowa, idan ya daɗe a waje yakan ji ya fara salancewa, ga kuma iyali da dangi masu yawa da suke ci daga gonarsa. Mutanen yankin sun sha wuyar farin 1973 da na 1984, irin wanda mu ma ba mu manta da shi ba, kogi ya ja baya, tafkuna suka ƙafe. Sai ya zuba abin da ya samu daga kiɗa cikin injunan ban ruwa da tarakta da haƙa magudanai, ya noma shinkafa da 'ya'yan itatuwa a inda a da rairayi ne.

Da kamfanin ya matsa yana son sabon faifai, ya nuna musu cewa sai dai su zo su same shi. Haka kuwa aka yi. Nick Gold ya kwaso na'urori da janareto har Niyafunke, aka kafa su a wani tsohon gini da ba kowa a gefen gari, kuma ba a fara ɗauka sai ya taso daga gona. Faifan ya fito a 1999 da sunan garin. Waƙoƙin da ke ciki suna magana ne a kan aiki da noma da ilmi da riƙon amana da zaman lafiya tsakanin ƙabilu, a ƙasar da ba ta daɗe da fita daga rikicin Buzaye na shekarun 1990 ba. A 2003 kuma, da Martin Scorsese ya shirya fim kan tarihin buluz, har Niyafunke aka aiko makaɗin nan Corey Harris ya zauna da shi a bakin kogi suka yi kiɗa tare.

A 2004 mutanen garin suka zaɓe shi magajin gari. Maimakon ya ci daga kujerar, sai kujerar ta ci daga aljihunsa: da kuɗinsa ya gyara hanyoyi, ya fitar da magudanan ƙazamin ruwa, ya kuma riƙa sayen man janareton da ke ba garin wuta.

RASUWARSA

A ƙarshen rayuwarsa ya kamu da sankarar ƙashi, amma bai ajiye jita ba. A 2004 ya zauna da Tumani Jabate, gwanin kora mai tsirkiya 21, a wani otal da ke bakin kogi a Bamako, suka ɗauki faifan In the Heart of the Moon ba tare da wani dogon gwaji ba. Wannan haɗuwa babba ce a wurin mutanen Mali, domin Tumani ɗan gidan roƙo ne na kudu wanda ya gaji kiɗa kaka da kakanni, Ali kuwa ɗan arewa ne wanda ya ɗauki kiɗa da rana tsaka. Faifan ya ci Grammy a watan Fabrairu na 2006, labarin ya same shi yana kwance. A farkon watan Maris na wannan shekara Allah ya yi masa rasuwa a Bamako, yana da shekara 66. Gidajen rediyon gwamnati suka dakatar da shirye-shiryensu suna sa waƙoƙinsa, aka kuma kai shi Niyafunke aka binne. Bayan rasuwarsa faifan Savane ya fito a 2006, sannan Ali and Toumani a 2010, wanda ya ci masa Grammy ta uku a 2011.

Allah bai nuna masa abin da ya sami arewacin Mali a 2012 ba, lokacin da masu ɗauke da makamai suka mamaye yankin har da Niyafunke, suka hana kiɗa, makaɗa da yawa suka gudu Bamako. Amma abin da ya shuka bai mutu ba. Almajirinsa Afel Bokum ya ci gaba, haka ma ɗansa Viye Farka Ture, wanda uban ya so ya zama soja, ya ƙi, sai daf da rasuwarsa ya sa masa albarka. Wannan ɗa yana cikin waɗanda suka yi wasa a bikin buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a Afirka ta Kudu a 2010.

ABIN DA YA SHAFE MU

'Yan'uwa, abu biyu nake so mu ɗauka daga wannan tarihi mu kai gaban taronmu na shekara.

Na farko, dalilin da ya sa yau ake iya sauraron Ali Farka a ko'ina cikin duniya shi ne an adana abin da ya yi, har waƙoƙinsa na gidan rediyo na shekarun 1970 an tattara an sake fitarwa a 1996. To mu fa? Marigayi Alhaji Haruna Uji ya ɗaga sunan Haɗejiya da gurminsa har inda da yawanmu ba mu taɓa takawa ba. Ga masu kukuma irin su Hassan Wayam da Ahmadu Doka, ga Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa. Abin da Turawa suka tafi Niyafunke nema, irinsa muke ji a tashar mota da gidan biki muna wucewa. Kaset ba ya daɗewa, zafi da ƙura da danshi suna cinye shi, kuma na tabbata a ɗakunan da yawa daga cikinmu akwai kwalaye cike da su, waɗanda ranar da muka kau 'ya'yanmu za su zubar a juji. Ina ba da shawara ƙungiya ta naɗa mutum uku ko huɗu su karɓi waɗannan kaset-kaset, a juye su a kwamfuta, a rubuta sunan mawaƙi da na waƙa da abin da mai kaset ya sani game da ita, a ajiye kwafi a ɗakin karatun makarantarmu, a kuma tuntuɓi iyalan mawaƙan domin haƙƙinsu ne. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa, amma yana bukatar a yi shi tun dattawan da suka san labarin suna raye.

Na biyu, batun kogi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwanmu ta canja, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse wani ya bushe, manomi da masunci da makiyayi kowa yana kuka. A cikinmu akwai injiniyoyi da likitoci da manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda iyayensu suka biya musu kuɗin makaranta da kifi da shinkafar wannan fadama. Mutumin da bai yi aji ɗaya ba ya sami duniya a hannunsa, ya juya ya kai ta garinsu. Ba na cewa kowa ya bar aikinsa ya dawo gida, amma injin ban ruwa ɗaya ga ƙungiyar manoma, ko taimakon gayyar yankan kacalla, ko buhunan gyaran jinga kafin watan Agusta, duk ba su fi ƙarfinmu ba idan muka haɗa hannu. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa waɗannan batutuwa biyu cikin ajandar taro mai zuwa.

Allah ya jiƙan Ali Farka Ture, ya jiƙan Haruna Uji da sauran magabatanmu, ya gafarta musu kurakuransu. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, amin.